Zuwa ga ƙawata, kan gidan da yara ke girma a ciki

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan, ya 'yar jaririyarmu? Na karanta saƙonki har sau biyu, musamman inda kika ce kunya ba ta barinki ki buɗe wa baƙo ƙofa saboda falo ya hargitse. Ya taɓa min zuciya, domin ni ma na sha wannan wahalar.

Kin san halina tun muna makaranta, ko zanen gado ne ya karkace sai na tashi na gyara. Da na haifi babban haka na ci gaba, ina kwashewa yana zubarwa, har dare ya yi ban zauna da shi ba. Wata rana, yana ɗan shekara 3, ya samu fensir mai launi ya zane bangon falo daidai tsayin ƙuguna. Na daka masa tsawa. Ya tsaya riƙe da fensirin, leɓensa na rawa, ya nuna bangon ya ce, "Mama, ke ce." Da'ira ɗaya ce da ƙafafu biyu dogaye. Ranar ban yi barcin kirki ba. Zanen yana nan har yau, ban bari an shafe shi da fenti ba.

Taki da take wata 9, kika ce tana jefar da cokali ki ɗauko ta sake jefarwa, ba rigima take yi ba. A wannan lokacin ne yaro ke gane cewa abin da ya saki ƙasa zai faɗa, kuma bai ɓace ba don ya daina ganinsa. Akwai wani likitan yara na Ingila, Donald Winnicott, wanda tun 1953 ya yi bayanin cewa yaro ba ya buƙatar uwa marar kuskure, wadda take iya bakin ƙoƙarinta ta ishe shi. Ni dai na ga gaskiyar hakan a gidana.

Ba ina nufin a sake jiki ba ne. Magani da ashana suna sama a kulle. Bokiti ba ya zama da ruwa a buɗe, don ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe. Duk ƙaramin abin da zai shige baki ina kawar da shi daga hannun wanda bai kai shekara 3 ba. Tsafta kuwa dole ce. Amma takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera, ko matashin kai da aka mayar motar wasa, na bar su sai yara sun yi barci.

A jikin ƙofar ɗakinsu ina auna tsayinsu da biro, in rubuta wata da shekara. Jiya autan ya miƙa hannu ya taɓa layin da yayansa ya kai a ranar zanen nan.

Ki buɗe wa baƙinki ƙofa, don Allah. Ki sumbace min jaririyar, ki gaishe da maigidan.

Taki har kullum,
ƙawarki