Wasiƙa daga Damagaram: Gidanmu na Birni

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Damagaram sai godiya, ban da zafi da ƙarancin ruwan da ka sani.

Gidan kakana na cikin Birni, mai zankwaye da zane a fuskar zaure, magada sun amince a ba da shi wakafi ya zama masaukin masu ciwon daji. Ba asibiti za mu buɗe ba, magani yana hannun likitoci. Amma mace za ta taso daga ƙauyen Magarya ko Tanut da sankarar mama, sau da yawa bayan ciwon ya ci jiki, likita ya duba ta ya ce ta dawo, ita da mai jinyarta ba su da inda za su shimfiɗa tabarma. In kuwa gashi ake bukata, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, can aka buɗe wurin gashi na farko a ƙasar nan a 2021. Kafin tafiyar da bayan dawowa, ina mutum zai huta?

Rigimar da muka sha kan ginin ce. Wasu suka ce a rushe a zuba siminti da kwano. Na ƙi. Ka shiga ɗakin soron nan da rana tsaka, sanyi kamar cikin randa; wanda ƙarin ruwan magani ya galabaitar, ka kwantar da shi ƙarƙashin kwano a watan bazara? Magini ya bi azara yana ƙwanƙwasawa da ƙotar gatari, wadda gara ta ci sautinta daban ne, ita kaɗai za a canza. Siminti sai a makewayi da daɓe, don wanki. An cire dokin ƙofa, an faɗaɗa ƙofofi saboda keken marasa lafiya.

Madafa kuwa na ce kada a taɓa ta. Mai wannan ciwo abinci fita ransa yake yi, amma kunun da 'yarsa ta dama masa yakan kurɓa. Zaure na masu zuwa dubiya ne, ma'aikaciyar jinya kuma za ta riƙa zuwa wanke gyambo.

Saura tankin ruwa, nan kuɗinmu ya tsaya. Don Allah ka yi wa 'yan Damagaram na wajenku maganar, abin da ya samu ka sanar da ni kafin damina.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka amini.