Zuwa ga Edita: Masu gidajen haya a Amurka da karen makaho

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Amurka, musamman waɗanda Allah ya hore wa suka sayi gida suna ba da haya. A nan Bronx, cikin birnin New York, muna da su da dama, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana. Sau da yawa a wajen suna ko bayan sallar Juma'a nakan ji ana cewa, "Ni dai gidana ba a shigo mini da kare." Ga ɗan haya mai kiwon kare don sha'awa, mai gida na da ikon faɗin haka. Ga makaho ko kurma ko mai farfaɗiya da ke rayuwa da taimakon karensa kuwa, wannan magana tana iya kai mutum gaban alƙali.

Dokoki biyu ne a nan, kuma mutane na cakuɗa su. Ta farko ita ce dokar haƙƙin naƙasassu da ake kira ADA, wadda Shugaba George Bush babba ya sa wa hannu a 1990. Ita ta shafi kantuna, gidajen abinci, asibitoci da motocin haya. Karen da take karewa shi ne wanda aka horar ya yi wa mai shi wani aiki takamaimai: ya ja makaho ya tsallakar da shi titi, ya taɓa kurma idan ƙararrawar gobara ta yi kuka, ya ɗauko wa mai keken guragu abin da ya faɗi. Tambaya biyu kawai mai kanti ke da damar yi: shin saboda naƙasa kake tare da karen nan, kuma wane aiki aka koya masa? Ba ya neman takarda, ba ya tambayar ciwon mutum.

Ta biyu, wadda ta fi shafar masu gidaje, ita ce dokar adalci a harkar gidaje ta 1968, da aka yi wa gyara a 1988 aka shigar da naƙasassu. Wannan ta fi faɗi. Ban da karen da aka horar, ta haɗa da dabbar da ke kwantar wa mai taɓin hankali ko mai tsananin damuwa hankali, ko da ba a koya mata komai ba. Idan larurar ba a bayyane take ba, mai gida na iya neman shaida daga likita ko ma'aikacin lafiyar da ke duba mutumin, amma ba zai ce sai an faɗa masa sunan cutar ba. Ba zai ƙara kuɗin haya saboda dabbar ba, ba zai karɓi kuɗin ajiya na musamman a kanta ba. In ta yaga ƙofa ko ta ɓata dardumar ɗaki, ɗan haya ne zai biya. In ta tabbata cewa wannan karen kansa yana cizo ko yana barazana ga maƙwabta, ana iya hana shi. Girmansa ko irinsa kaɗai bai isa hujja ba. Wanda aka hana gida yana da shekara guda ya kai ƙara ma'aikatar gidaje ta tarayya, ko shekara biyu ya tafi kotu.

Akwai sassauci ga mai ƙaramin gida da yake zaune a cikinsa. Dokar tarayya ta ɗaga ƙafa ga gidan da bai wuce sassa 4 ba, amma jihar New York ta taƙaita abin ga gida mai iyali biyu. Kowa ya binciki dokar jiharsa kafin ya buɗe baki.

Karnukan da ake kai wa asibiti da gidajen tsofaffi don su ɗebe wa marasa lafiya kewa, su ba su da wata alfarma a wajen haya. Kuma gaskiya ne akwai maguɗi. Wasu na sayen takardar bogi a intanet don kawai su zauna da karen gidansu, har abin ya ishi kamfanonin jiragen sama, aka canza ƙa'ida daga 2021 aka daina tilasta musu ɗaukar dabbar kwantar da hankali kyauta. Ina jin haushin masu wannan hali, domin makaho na gaske suke jawo wa zargi.

Inda na fi so in tsaya shi ne maganar addini, don da ita ake fakewa. Mu Hausawa mafi yawanmu a kan mazhabar Imam Malik muka tashi, kuma a Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har kare, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, malamanmu sun ce bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Hadisin da ya yi gargaɗi kan ajiye kare ya keɓe na farauta da na kiwo da na gona, wato inda buƙata take. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda almajiran ƙasar Hausa suka sani sarai, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi. Da aka yi masa magana sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. To ina ga wanda karen ne idonsa? A can ƙasar Hausa makaho na riƙe kafaɗar ɗan jagora, yaron da sau tari hakan ke hana shi makaranta. A nan kare ne ke wannan aiki, bayan kusan shekara biyu ana rainonsa da horar da shi.

A Ingila ma an wuce wannan muhawara. A 2008 wata majalisar malaman shari'a ta ba da fatawa cewa wani matashi makaho a birnin Leicester zai iya zuwa masallaci da karensa, aka tanadar wa karen wurin jira a bakin ƙofa, ba ya shiga inda ake sallah. Idan masallaci ya samo hanya, ban ga abin da zai gagari mai gidan da ɗan hayarsa ke wani bene dabam da mabuɗinsa ba.

Ranka ya daɗe, ina ba da shawara ku gayyato lauya mai aikin gidaje a Amurka tare da malamin fiƙihu su zauna a shiri ɗaya, a buɗe layi. Direbobin tasi ma su saurara, domin barin makaho a bakin titi saboda karensa laifi ne a Amurka da Ingila duka, kuma yana iya raba mutum da lasisinsa.

Na gode.

Mai bibiyar shirye-shiryenku,
daga Bronx, New York