Godiya ga ma'aikatan ɗakin fibro (duba ciki da kyamara) a Damagaram

Assalamu alaikum.

Shekara biyu Inna tana fama da zafin ciki. Ta sha kanwa, ta sha ƙwayoyin masu yawo da tire, mun zaga wurare uku a garin nan. Ko'ina tun ba ta gama zama ba an rubuto ordonansi, wai olsa ce. A wani wurin, ba zan kama suna ba, tun hantsi muke kan benci har la'asar, sannan aka ce likita ya fita. Har mun fara lissafin kuɗin motar Yamai, kilomita kusan 900, da tsohuwar da ko fura ba ta zama mata a ciki.

Da muka zo wurinku Inna ta kafe, ita ba mai zura mata tiyo a maƙogwaro. Sai wata ma'aikaciya ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗauko abin ta nuna mata: "Inna, duba, kaurinsa kamar yatsa, fitila ce da kyamara a bakinsa. Za mu fesa miki magani, ina nan riƙe da hannunki." Kuma ba ta sake shi ba har aka gama. Allah Ya saka miki, baiwar Allah.

Likita kuwa juyo mini allon ya yi, ga gyambon nan ƙiri-ƙiri. Na tambayi zurfinsa. Wallahi na zaci tsawa zan sha. Sai ya ce in rufe ido ɗaya in gwada kama alƙalaminsa. Ya ce haka wannan na'urar take gani, a shimfiɗe. Akwai sababbi masu kyamara biyu da ke haɗa hoto mai tsawo da faɗi da zurfi, kamar idon mutum. Shi da jujjuya bakin tiyon yake gane tudu da rami. Ya tsinko ɗan nama aka auna, aka samu Helicobacter pylori, ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, ya rubuta maganin mako 2.

Bayanin nan bai ci minti biyar ba. To me ya hana sauran? A wasu wuraren talaka ya biya jikkunansa, a karɓa da fuska a murtuke, in ya yi tambaya a ce masa "kai ne likitan?"

Inna ta koma cin tuwon hatsi har da yaji, ko da yake kun hana yajin. Ta ce a gaishe ku.

Ɗanta, daga unguwar Birni.