Zuwa ga aminina, a kan batun Titan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, ina sanar da kai cewa mutanen gida kowa lafiya, an gama yankan gero, dawa ce kawai ta rage a gona. Shirun ya yi yawa tun komawarka Fatakwal, amma abin da ya sa na zauna rubutu yau shi ne musun da muka rabu ba mu ƙarasa ba a shagon caji na Ringim: na ƙera Titan, ƙaton jirgin yaƙin nan, a Stellaris, wasan kwamfuta na gina daula a sararin samaniya, kuma na kai shi fagen fama.

Na san abin da za ka ce, domin kullum cewa kake yi kamfanin Paradox, mai wasan, ya saka shi a cikin ƙarin wasan da ake kira Apocalypse a 2018 ne kawai don a sayi ƙarin kaya. Da ka ga harbinsa na farko, da bakinka ya mutu. Maƙwabciyar daulata ta kafa sansani a mashigar da babu hanyar kauce mata, sansanin da ya daɗe yana cinye mini jirage. Tun sauran rundunata ba ta kai inda makamanta za su iya taɓa shi ba, Titan ya daidaita goshinsa, hasken nan na babbar bindigarsa, Perdition Beam, ya tsaga duhu, sai na ga layin sulken sansanin ya zube ƙasa lokaci guda. Ƙanenka yana tsaye a bayana, har ya manta da wayar da ya zo karɓa.

Duk da haka, ba bindigar ce ta fi burge ni ba, kwarjinin da yake shimfiɗawa a filin yaƙi ne. Za ka iya zaɓar wanda zai riƙa gyara jikin jiragenka, ko wanda zai ƙara musu saurin harbi, ko wanda zai raunana garkuwar abokan gaba, ko wanda zai hana su sulalewa idan wuta ta yi wuta. Wannan na ƙarshen shi ne ya sauya mini lissafi, domin a da nakan ci yaƙi amma rabin jiragensu su tsere, su gyaru, su dawo mini.

Yanzu ga inda gaskiyarka take, kuma kada ka yi saurin murna. Kafin a fara ƙirarsa sai da na ɗaga sansanina zuwa matakin ƙoli da ake kira Citadel, na gina masa maƙera ta musamman, sannan ya haɗiye gaurayen ƙarfen da na daɗe ina tarawa, iyakokina kuwa suna buɗe duk tsawon lokacin. A lissafin runduna shi kaɗai yana cin gurbin ƙananan jirage 16, ko manyan jiragen yaƙi 2, kuma wasan ya ƙayyade adadin da za ka iya mallaka. Ga nauyin jiki. Runduna ba ta wuce saurin wanda ya fi kowa nawa a cikinta, saboda haka duk wanda ya haɗa hanya da shi sai ya yi tafiyar amalanken shanu ranar kasuwa, alhali ana kai maka hari a ɗaya ƙarshen daular.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne a karo na gaba. Suka turo tarin ƙananan jiragen nan masu zillewa, ɗauke da manyan rokokin da ɓarnarsu ke ƙaruwa gwargwadon girman abin da suka sama. Hasken Titan ba ya iya bin abu mai gudu, kuma gaba kawai yake harbi, don haka da suka matso jikinsa suka kewaye shi, ba shi da abin yi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Masu rakiya da ke kakkaɓo rokoki ne suka fitar da shi da kyar, jikinsa saura kaɗan. A ganina jirgi ne da ya cancanci kuɗinsa, amma a bayan sahu, da rakiya mai kauri.

Damuwata yanzu ita ce Unbidden, maharan nan daga wata duniyar daban, waɗanda suka ɓullo a gefen taswira. Garkuwa ce ƙarfinsu, makaman haske kuwa ba su cika cin garkuwa ba. Shin in ƙera na biyu mai kwarjinin raunana garkuwa, ko in zuba ƙarfen a manyan jirage masu harsashi? Kai ka taɓa karawa da su, don haka ka ba ni amsa da wuri. Da yamma kawai nake samun kunna kwamfutar, idan sola ta cika batir, kuma na dakatar da wasan har sai na ji daga gare ka.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Inna tana tambaya ko za ka zo da Babbar Sallah.

Naka,
amininka na kullum.