Wasiƙa zuwa Kano kan tafiya bikin fina-finai na Wagadugu

Yamai, Jamhuriyar Nijar.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin ka ƙudura niyyar zuwa FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, har kana shawarar tura fim ɗin da ka ɗauka a marinar Ƙofar Mata. Ga abin da ya kamata ka sani tun kafin ka fara tanadin guzuri.

An fara wannan biki a Wagadugu a 1969, kuma yanzu duk bayan shekara biyu ake yin sa, a shekarar da lambarta ba ta rabuwa biyu. Kwana takwas ne, daga Asabar zuwa Asabar, galibi ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Amma kada ka yanki tikitin jirgi sai masu bikin sun sanar da rana da bakinsu, domin na 2021 sai a Oktoba aka yi shi saboda annobar korona. Ka kuma lura cewa azumin 2027 zai kama daga wajen farkon Fabrairu zuwa farkon Maris, ke nan in aka yi bikin a lokacin da aka saba, da ƙishirwa a bakinka za ka yi kallo. Zafin rana a can a wannan lokaci yakan kusanci digiri 40, ga ƙurar hunturu ba ta gama sauka ba.

Ta jirgi za ka je. Hanyar mota daga nan Yamai ta Torodi da Kantchari da Fada N'Gourma ba ta biyuwa yanzu saboda 'yan bindiga, kada wani direba ya ruɗe ka da arha. Daga Najeriya akan sauka a Lome ko Abijan a canja jirgi. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, don ana tambayarsa a filin jirgi. Burkina Faso ta fita daga ECOWAS tare da Mali da Nijar a Janairun 2025, saboda haka ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu kan sharuɗɗan shiga ana saura 'yan makonni ka tashi, kada ka dogara da yadda aka saba a da. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Kuɗinsu sefa ce irin tamu ta Nijar, kuma Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, don haka gara ka canja nairarka zuwa sefa ko Yuro tun a Wapa, domin a can naira ba ta da kasuwa. Abu ɗaya kuma da zan ja kunnenka a kai: kada ka ɗaga kyamara ko waya wajen soja, ko shingen bincike, ko ginin gwamnati. Ƙasar tana cikin yaƙi, ba sa wasa da wannan.

Masauki ka kama shi da wuri, kuma a tsakiyar gari, inda za ka iya takawa da ƙafa zuwa zauren sinima na Ciné Burkina. Zauren Ciné Neerwaya kuwa ɗan hawan tasi ne daga tsakiyar garin. Unguwar Ouaga 2000 tana da kyan gine-gine amma can kudu take, zirga-zirga za ta cinye maka fim ɗaya kowace rana. Tasi kore ne, na haɗaka, a gama ciniki kafin a shiga. Bajin shiga kuwa ta intanet ake nema watanni kafin biki, a karɓa a hedikwatar FESPACO. Layin karɓa yana da tsawo a ranakun farko, kuma yakan faru sunan mutum ya ɓace a takarda, to ka buga saƙon amincewar da suka aiko maka, ka haɗa da ƙananan hotunanka biyu, ka isa garin ana jibi buɗewa.

Fina-finan da ake zaɓa sukan kusanci 200 ko su haura, kai kuwa in ka yi ƙoƙari uku za ka gani a rana, huɗu in akwai gajeru. Wanda ya matsa ya ga biyar, washegari ba zai iya gaya maka wane ne ya mutu a wane fim ba. Saboda haka daren da ka karɓi jadawali, ka zauna da biro. Yawancin finafinan gasa ana nuna su fiye da sau ɗaya a zaure daban-daban, nunin farko shi ne mai cunkoso don darakta da alƙalai suna ciki, na biyu kuwa sau da yawa da sauran kujeru. Ka tsara kowace rana a zaure ɗaya ko biyu da ke kusa da juna, ka bar aƙalla awa guda tsakanin fim da fim, saboda jinkirin nunin safe yakan tura duk na bayansa. Kowace safiya ka sake duba allon sanarwa a ƙofar zauren, jadawali yana canjawa. Ka duba kuma da wane harshe aka rubuta fassarar ƙasan allo. Da yawa Faransanci ne kawai, kuma fim ɗin Wolof ko Larabcin Maroko da fassarar Faransanci zai bar ka a duhu biyu.

Shawarata ta gaske ita ce ka ba dokumentari, wato fim ɗin da ke nuna rayuwa ta gaskiya, rabin lokacinka. Manyan finafinan ƙirƙira da ke neman Dokin Zinariya na Yennenga, babbar kyautar bikin, wanda ke tafe da sefa miliyan 20, za su zaga duniya, wata rana ka same su a intanet. Dokumentarin da wata yarinya ta yi shekara uku tana ɗauka a wani ƙauyen Chadi ko Kamaru kuwa, mai yiwuwa wannan zaman ne kaɗai za ka taɓa ganinsa a babban allo. Kuma a wannan fage ne harshenmu ya fi fitowa. Sani Magori ya yi fim a 2008 a garinsu Galmi, inda ɗaurin aure ya rataya a kan abin da albasar bana za ta kawo. A'isha Macky ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram, wadda asalinta matsugunin kutare ce, ta fito a 2021 da fim kan samarin da ake kira 'yan fale, masu ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin fetur. Hausa ake yi a cikinsu, irin wadda ake yi a tasha da bakin kasuwa. Dangantakarmu da bikin ma tsohuwa ce: ɗan Nijar, Umaru Ganda, shi ya fara cin Dokin Yennenga a 1972, har yau kuma akwai kyauta da sunansa da ake ba fim ɗin farko na darakta. Daga Najeriya, Newton Aduaka ya ci Dokin a 2007.

Kallon dokumentari yana son ido biyu, ɗaya a kan labari, ɗaya a kan wanda ke riƙe da kyamara. Ka lura da inda ya tsaya. In daga nesa yake jawo fuska da zum, hoton zai riƙa rawa, bayan mutum ya dushe, kuma alama ce ba a saba da shi ba. In yana cikin ɗaki ana cin tuwo ba mai waiwayensa, to ya yi watanni yana zuwa kafin ya kunna na'ura. Ka lura da tsawon da yake barin hoto kafin ya yanke. Mai gaggawa yana yankewa da zarar mutum ya rufe baki, gwani kuwa yakan ƙara daƙiƙa biyar ko goma, don sau da yawa abin da fuska ke yi bayan magana ya fi maganar. Sai sauti. Ka saurara ko muryar wurin ce kake ji, da kukan awaki da ƙarar babur, ko kiɗa aka shimfiɗa don a tilasta maka tausayi. Ni dai duk fim ɗin da mai sharhi ya hana mutanen ciki faɗin nasu da bakinsu, ba na ganin girmansa, ko da hotonsa ya kai ina wajen kyau. Kada kuma ka tashi in rubutun ƙarshe ya fara hawa. A nan za ka ga wanda ya ba da kuɗi, da inda aka tace hoto, da wanda ya mallaki fim ɗin. In ka ga tashar Turai ce ta biya, kuma a can aka yi tacewa, za ka gane dalilin da ya sa ake bayyana abin da kowane yaro a garin ya sani.

Akan yi zaman muhawara da daraktoci, yawanci da safe, kan finafinan da aka riga aka nuna. Ka je, ka kuma yi tambaya guda mai amfani: awa nawa ka ɗauka kafin ka tace ya koma minti tamanin, ko mutanen da ke ciki sun ga fim ɗin, me suka ce? Amsar wannan ta biyun ita ke nuna maka ko amana ce tsakaninsa da su ko wucewa ya yi ya ɗebi abin da yake so. Ka riƙe ɗan littafi, kana fitowa daga zaure ka rubuta layi uku kafin fim na gaba ya shafe na baya.

Yanzu batun naka fim ɗin. Da farko, kada ka ɗora shi a YouTube ko Facebook, ko na kwana ɗaya, domin bukukuwa da yawa ba sa karɓar abin da ya riga ya fita fili. Ana buɗe karɓar finafinai tun shekarar da ta gabaci bikin, a rufe da sauran watanni. Har zuwa 2013 sai da fim ɗin majigi na milimita 35 ake shiga babbar gasa, daga 2015 aka buɗe wa na dijital, abin da ya ba irinmu dama. Abin da zauren sinima ke karɓa shi ne DCP, wato kundin fayiloli na hoto da sauti da fassara. Dogon fim yakan kai gigabait 100 zuwa 200. Akwai manhaja ta kyauta, DCP-o-matic, da za ta haɗa maka shi, amma ga inda ake faɗuwa. Faifan da aka tsara a kan Mac sau da yawa na'urar zaure ba ta karanta shi, ka tsara shi a ext2 ko NTFS. In ka ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, ka faɗa musu, don 24 ne kowace na'ura ta sani, kuma juyawar da aka yi da garaje tana sauya amon murya ko ta raba baki da magana. Kada ka kulle fim ɗin da mabuɗin KDM in ba dole ba: mabuɗin na na'ura ɗaya ne kuma na ƙayyadadden lokaci, da an canja maka zaure ko an ɗaga nuni zuwa gobe, shi ke nan fim ya ƙi buɗewa, jama'a na zaune. Ka tafi da kwafi na biyu a wani faifan, da na uku a MP4 cikin aljihunka.

Sauti shi ya fi kayar da finafinanmu. Abin da aka daidaita da abin saƙalawa a kunne don masu kallo a waya, in ya shiga lasifikan zaure sai kiɗa ya danne magana, iskar da ta bugi makirufo ta koma kamar aradu. Ka kai shi situdiyo a saurara da manyan lasifika, a tura magana ta fito daga na tsakiya. Bugun masu bugu da motsin ruwan baba a karofi, ka bar su su yi aikin kiɗa, sun isa. In kuma akwai waƙar wani a ciki, ko daga rediyon wani shago ta shigo, ka nemi izini a rubuce ko ka cire ta. Su ma marinan, kowa ya sa hannu ko ya faɗi yardarsa a gaban kyamara.

Fassara kuma ka ba wanda ya ji Hausa ya kuma ji Faransanci sosai, ba na'ura ba, ka yi ta Turanci daban. Layi biyu a allo, kowanne kada ya wuce harafi arba'in da ɗan abu, ya kuma daɗe yadda mai karatu zai gama. Habaici da kirari ba sa shiga layi biyu, sai an zauna an zaɓi abin da za a ceto. Ka kuma gwada haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a sunayen mutane da wurare, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai ka ga Ƙofar Mata ta fito da ɗan akwati a madadin harafin farko.

Ko ba a zaɓi fim ɗin ba, ka je da shi kasuwar MICA, wadda ake ci tare da bikin tun 1983, inda masu saye daga tashoshin talabijin da masu rarrabawa ke zama. Ka shirya takarda shafi ɗaya da Faransanci da Turanci, mai ɗauke da taƙaitaccen labari da tsawon fim da wanda ya mallake shi, da guntun minti biyu a wayarka. Kada ka sa hannu a wata yarjejeniya a wurin. Ka karɓo ta ka karanta a natse, ka duba shekara nawa ce, wace ƙasa da wace ƙasa ta shafa, kuma ko ta hana ka nuna shi a Kano.

Ranar Lahadi da safe, washegarin buɗewa, masu fim sukan taru a dandalin Place des Cinéastes don tunawa da magabatansu da suka rasu, akwai zuba ruwa a ƙasa irin na al'adarsu, kana iya tsayawa gefe ka gani. In ka sami sarari ka nemi ziyartar ma'ajiyar finafinan Afirka da aka kafa a 1989, wadda ambaliyar Satumban 2009 ta yi wa ɓarna. Abinci ba zai ba ka wahala ba, akwai dafa-duka da gasasshiyar kaza da zoɓo, da wani ruwan gero mai sanyi da suke kira zom-kom wanda zai yi maka daɗi da buɗa-baki.

Ka aiko mini da fim ɗin ta hanyar da ba kowa zai gani ba, in duba fassarar da sautin kafin ka tura. Ka gaida Hajiya da maiɗakinka da yara, da duk abokan aiki.

Wassalam.

Naka,
amininka na Yamai.