Wasiƙa zuwa ga 'yata kan tafiyarta Abuja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da maigidanki da yaron, na zaɓi in rubuto miki game da tafiyar kwana 2 da wurin aikinku ya ɗora miki zuwa Abuja, domin maganar waya ba ta zama a kai. Ki tafi da natsuwa, ba laifi kika yi wa ɗanki ba, amma shirin mai shayarwa yana farawa ne tun kafin ta doshi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa.

Watansa 4, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Jariri irinsa yana shan kimanin mililita 750 a kwana guda, wato za ki bar masa abin da ya kai lita ɗaya da rabi, kuma wannan ba ya taruwa a dare ɗaya. Ki fara tatsa tun saura mako 2, musamman da safe bayan ya sha, lokacin da nono ya fi yawa. Ki wanke hannu da sabulu, ki zuba kaɗan-kaɗan a mazubai masu murfi da aka tafasa, ki rubuta kwanan wata a jikin kowanne. Tatsattsen nono yana ɗaukar awa 4 a ɗaki, ko ƙasa da haka a zafin bazararmu, kwana 4 a firji, wata 6 a firiza. Tun da wuta ba ta da tabbas, ki tanadi ƙanƙara, kuma nonon da ya narke a bar shi a firji, a ba yaron cikin awa 24, kada a mayar da shi firiza.

Ki zauna da Hajiya, surukarki, ki yi mata bayani cikin ladabi. A tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi, kada a ɗora shi a wuta, sannan a ba yaron da ƙaramin kofi yana zaune a cinya, a karkata kofin har nonon ya taɓa leɓensa, shi ya lasa da kansa ba tare da ɗura ba. Su gwada haka tun kina gida. Na san tausayi zai iya sa ta miƙa masa koko ko zuma idan ya yi kuka, don haka ki roƙe ta tun yanzu, domin zuma haɗari ce ga yaron da bai shekara ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ke kanki. Nono yana kawo ruwa ne gwargwadon yadda ake cire shi, saboda haka ki riƙa tatsa kamar duk bayan awa 3, har da dare, ko da babu wurin ajiya sai dai ki zubar. Zubarwar tana da ciwo a rai, amma ta fi ki bar shi ya sanƙare ruwan ya ja baya. Kada kunya ta hana ki neman izinin fita daga taro. Wanda kike so ki kawo gida, kula mai ƙanƙara za ta riƙe shi har awa 24. Idan kika ji ƙullutu mai zafi, ko fatar wurin ta yi ja, ko zazzaɓi ya rufe ki, ki je asibiti a ranar.

Za ki ji masu cewa nonon da ya kwana bai ga yaro ba ya lalace, sai an zubar an wanke da magani. Ba haka ba ne, nono ba ya tsami a jikin uwa. Da kin dawo ki wanke hannu, ki rungume shi ki ba shi, idan kuma ya ɗan yi miki fushi ya kau da kai, ki yi haƙuri ki sake gwadawa idan barci ya fara ɗaukarsa.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya. Ki gaishe mini da Hajiya.

Mahaifiyarki.