A daina shimfiɗa wa tsofaffi tayil mai santsi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu gyara gidajen iyayensu a kan wani abu da muka yi da kyakkyawar niyya, amma ya jawo wa mahaifiyarmu doguwar jinya.

Bara ne ni da ƙannena muka haɗa kuɗi aka fasa simintin ɗakinta da na makewayinta, aka shimfiɗa tayil mai ƙyalli irin wanda ake yayi. Wata asuba da damina, ga shi an ɗauke wuta, ta fito alwala riƙe da buta, silifas ɗinta ya zame a kan ruwan da ya kwanta, ta faɗi a kan kwatangwalo. Da aka ɗauki hoto, likita ya ce wuyan ƙashin cinya ne ya karye, kuma ya bayyana mana cewa ƙashin tsofaffi, musamman mata bayan sun daina al'ada, yana rasa ƙarfinsa har faɗuwar da yaro zai tashi yana dariya ta iya karya shi. Kwanciyar da ke biyo baya ma tana da nata haɗarin, domin tana kawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne faɗuwa ke kashewa a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Mu kuwa mun saba mu ce tsautsayi ne mu yi shiru, alhali yawancin musabbabin yana tsakar gidanmu.

Wanda ya ga dole sai ya sa tayil, ya nemi mai kaushi, ya kuma sa a kafa ƙarfen dafawa a bangon makewayi, a ajiye kujera a wurin alwala. Kuɗin fitilar sola guda da za ta kwana a kunne tsakanin ɗaki da bayan gida bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. A kankare gansakukar bakin rijiya, a rage tsayin dokin ƙofa, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe. Idan tsoho ya fara lalube, a kai shi a duba masa ido, domin yanar ido tana ciruwa da aiki. Idan kuma yana shan maganin hawan jini, ya riƙa zama kaɗan a bakin gado kafin ya miƙe, saboda jiri.

Akwai kuma kuskuren da tausayi ke sa mu yi, wato hana su motsi da cewa "Hajiya, zauna ki huta." Ƙafar da ba ta tafiya takan yi sanyi, kuma ita ce ke saurin kayar da mai ita.

Daga ƙarshe, tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, kada a fara kiran mai ɗori. A garzaya da shi inda za a ɗauki hoto, kamar Asibitin Ƙashi na Dala ga mutanen Kano da kewaye. Ina kuma roƙon jaridarku ta gayyato likitan ƙashi ya yi bayani a shafin lafiya kafin damina ta kankama.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano